Jirgin da Kika Bari Ya Ji Ƙishirwa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, tare da ladabin da ya kamaci ɗa a gaban uwarsa, ina roƙon Allah Ya sa wannan sallama ta iske ki cikin ni'ima da yalwar makwanci. Mu nan Gaya lafiya lau muke, ni da iyali. Ƙanwata Ladi ma tana nan lafiya a Kademi da 'ya'yanta. Na san ba a aika wa wanda ya riga mu gidan gaskiya takarda. Na san kuma ko kina raye sai an karanta miki, ki yi ta katse mai karatun kina cewa ya taƙaita. To, yau ki yi haƙuri da ni, maganar tana da ɗan tsawo.

Makon jiya ina koyar da ɗalibaina darasi a kan koguna, sai na tambaye su: me ke kashe jirgin katako? Hannuwa suka tashi ko'ina, kowa ya ce ruwa. Ban ga laifinsu ba, 'ya'yan tudu ne, kuma manya da yawa ma haka za su amsa. Na ce musu a'a, rani ne ke kashe shi. Katakon jirgi sai ya sha ruwa ya kumbura sannan bakin wannan yake kama bakin wancan. Ran da ya bushe sai ya tsuke, ya buɗe, ya zama kwando. Na juya zan zana musu a allo, sai jirginmu ya faɗo mini a rai. Na ce su buɗe littafi su yi ta karatu, ni kuwa na fita na tsaya a gindin darbejiya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Jirgin nan ya girme ni, ke ma kaɗan kika ba shi. Baba ya ce a zamanin mahaifinsa aka yi shi. Wani Banufe ne ya zo da katakon maɗaci daga kudu, ya zauna rani guda a bakin mashiginmu, arewa da Ajingi, yana sassaƙa yana buga ƙusa. Da ya gama aka toshe tsakanin katakan da tsumma da kwalta. Ba kwale-kwale ba ne irin na masunta. Faffaɗa ne mai shimfiɗaɗɗen ciki, yana ɗaukar jakuna da kayansu, da buhunan gyaɗa, da mutane a kan buhunan. Duk wanda zai ci kasuwar Ajingi daga ƙetaren kogi da damina, a cikinsa za a yi masa fito. Mutane suka sa masa suna Dattijo, don ba ya gaggawa.

Kin tuna Baba a tsaye a bayansa da doguwar gwangwala, ya naɗe wando har gwiwa? Idan wani ɗan kasuwa mai tumbi ya ƙanƙame gefen jirgi yana ta salati, sai Baba ya ce, "Saki jikinka, Alhaji, kogin nan ba ya cin kitse. Ramammu irina yake nema." Makiyaya kuwa ba sa shiga. Su danƙa masa mata da ƙananan maruƙa, su su kama wutsiyar bijimi su faɗa ruwa. Baba ya yi ta yi musu tsiya har tsallake, wai sun fi yarda da jelar dabba a kan aikin Banufe. Su ma su ɗago kai daga ruwa su ce ai ba su taɓa ganin bijimi yana yoyo ba.

Idan kaka ta wuce, ruwa ya janye har ana takawa da ƙafa, sai Baba ya tura jirgin zuwa gurbin nan mai zurfi na gindin tsohon ɓaure, inda ruwa ba ya ƙafewa. Ya yi ta zuba masa yashi har ya nutse, a bar shi a can sai ruwan sabuwar damina ya iso. Ranar da na fara ganin haka da wayona, na tsaya a gaɓa ina rusa kuka, na ɗauka an kashe shi. Ba ki rarrashe ni ba, ai ni ɗan fari ne, ko sunana ba kya faɗa. Kika ci gaba da wanke-wankenki, kika ce da ruwan da ke gabanki, "A gaya wa wancan ba mutuwa ya yi ba, kwanciya ya yi."

Ina makarantar horon malamai, a tsakiyar shekarun sittin, na zo hutun damina aka yi babban ruwan nan. Kogin ya yi ta cin gaɓa yana matsowa, muna kallo da rana tsaka gidanmu ya riƙa zubewa ɗaki bayan ɗaki. Kwanukanki kika fara fitarwa, sannan Alƙur'anin Baba da buzunsa. Da ruwa ya lafa sai muka ga abin da ya fi rushewar gida. Kogin ya sake hanya. Ya yanki sabuwar hanya can arewa, ya bar mana tsohuwar ta zama dogon tafki, ba shiga ba fita sai idan ya yi ambaliya. Fito ya koma wani ƙauye da ke bakin sabon ruwan, suna yi da ƙananan kwale-kwale. Dattijo ya fi ƙarfin a ja shi a kan wannan yashi mai nisa. A damina ɗaya muka rasa gida, Baba ya rasa sana'a.

Baffa Ilu, ƙanen Baba, ya ba mu ɗakuna a gidansa. Baba ya yi godiya, ya ce ke da mu yara mu je, shi zai ɗan zauna a jirgi ya kula da shi zuwa kaka. Ke kuwa ba ki bi mu ba. Kika ɗora kwanukanki a ka, kika taka katakon da aka gitta daga gaɓa, kika shiga.

Baba ne ya kafa azara ya kewaye da zana ya ɗora jinka, amma ke kika mai da shi gida. Gaban jirgin ya zama zauren Baba, tsakiya ɗakinki, baya madafa. Kika sami babban kasko kika cika shi da yashi, kika dasa duwatsun murhu a ciki don kada wuta ta taɓa katako. Randa kika sa daidai tsakiya, kika ce idan ta karkata gida ya karkata. Baba ya kafa turaku biyu, gaba da baya, don kada iska ta juya jirgin da mai salla ta kauce da shi daga alƙibla. Sai jerenki: tasoshi da langa da fanteka masu fure, kowanne kin ɗaure shi da siririn zare a jikin azara. Idan jirgin ya motsa sai su riƙa taɓa juna suna ƙara a hankali. Ko mutum ya rufe ido, daga ƙarar nan zai san ko iska ce, ko baƙo ne ya tako katako, ko Baba ne ya miƙe zai yi alwala.

Idan zafi ya yi yawa Baba yakan tuge turaku ya tura gidan zuwa inuwar ɓaure. Aminiyarki Jummai ba ta gajiya da wannan. Ta tsaya a gaɓa da tulu ta ce, "Duk ƙasar Kano ke kaɗai ce matar da idan rana ta dame ta sai a matsar mata da gida." Ke kuma ki ce ta shigo mana ta sha fura, in ba tsoro ba. Sai ta shigo da rarrafe tana kiran sunan Allah, ta zauna ta riƙe randa, ku yi ta dariya har kwanuka su taya ku.

Kaka ta zo ta wuce, wata ma ta zo. Ba wanda ya sake ta da maganar gini.

Abu ɗaya ne ya canza. Tunda kuna ciki, ba dama a nutsar da shi da rani. Cikinsa yana ruwa, amma katakan gefe suna shan rana. Sai kuka shiga shayar da shi, haka kuke faɗa. Da safe da la'asar ki ɗauki ƙwarya ki bi gefen dama, Baba ya bi na hagu, kuna kamfata kuna kwararawa har katako ya yi baƙi. Idan na zo hutu nakan karɓe ki. Har yau hancina bai manta warin jiƙaƙƙen maɗaci da kwalta ba.

A jirgin nan aka ɗauki Ladi amarya, 'yan rakiya na ta ihu a kan katako. A cikinsa kuma ciwon ƙirji ya kwantar da Baba, wani lokacin sanyi, ban daɗe da fara koyarwa a Gaya ba. Na iso da keke na same shi a zaurensa, numfashi na yi masa wuya. Ya yi mini nasiha a kan salla da zumunci. Sannan ya juya wajenki, ya ɗora tafin hannunsa a kan katakon da yake kwance, ya ce, "Kada ki bar shi ya ji ƙishirwa." Kika ce to. Iyakar wasiyyar da ya bar miki ke nan.

A nan kika yi takaba. Da kika fita, Baffa Ilu ya zo, ni ma na zo, kowa da ɗakin da ya share miki. Na yi miki kwatancen gidana, ga rijiya a tsakar gida, ga asibiti kusa, ga jika kina gani kullum. Kika saurara har na gama. Kika ce, "Wa zai shayar da shi?" Daga ranar ke kike bin gefen dama, ki dawo ki bi na hagu.

Sai farin nan ya zo, wajen shekarar da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira. Damina ta yi gardama, wadda ta biyo ta ta fi ta. Gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Kogin bai yi ambaliya ba, don haka tafkinmu bai sami ko ɗigo ba. Ya yi ta ja da baya, ke kuma kina bin sa da jirgi, kina turawa da gwangwalar Baba, har kuka ƙare a gurbin gindin ɓaure. Can ma ruwan ya yi ta raguwa har Dattijo ya zauna a kan laka. Kwanuka suka rage ƙara, amma cikinsa na nan a jiƙe. Kika tona ɗan rami a gefensa, abin da ya tsattsafo ki raba biyu, rabi randa, rabi katako.

Rijiyoyin gari suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Mata suka koma tonon yashin tsohon kogi, su tona har mutum ya ɓace a rami, su sami abin da bai cika moɗa ba. Makiyayan da Baba ke yi wa tsiya suka riƙa wucewa kudu da shanun da ƙashi ya fito musu. Duk garin kuwa an sani, tun zamanin kakanni, cewa idon ruwan gurbin nan yana wuri ɗaya ne, daidai inda ya fi zurfi. A kansa jirginki yake zaune.

Ba wanda ya faɗa miki. Wa zai iya buɗe baki ya ce wa matar mamaci ta ɗage gidanta, alhali kowa ya ji wasiyyar? Mai unguwa ya zo gaishe ki, ya yi ta zancen tsadar hatsi ya tafi. Liman ya zo, ya yi addu'a ya tafi. Mata kan biyo da tulunansu su ce, "Sannu da gida, Inna," idanunsu na kan baƙar lakar da ke ƙarƙashin jirgi. Jummai ma ta daina tsokanarki. Ranar wata Asabar na zo, muna zaune, ta wuce da jikarta a goye, leɓen yarinyar duk ya tsage. Ta gaishe ki kamar baƙuwa, ta sunkuyar da kai ta wuce. Na ga kin bi su da kallo har suka sha kwana.

Da na dawo mako na gaba na tarar kin riga kin aika wa mai unguwa a kira gayya. Na ce miki ki dakata, zan riƙa ɗauko ruwa a garwa daga Gaya, ko a tona a gefe a gani. Kika ce an tona gefen ai, kowa ya gani. Na tuna miki maganar Baba, ko da yake ba ki bukatar tuni. Kika daɗe kina shafa katakon da kike zaune a kai. Sannan kika ce, "Babanku bai ga wannan shekarar ba. Idan na je na gaya masa da bakina."

Maza suka taru da hantsi da igiyoyi da gumagumai. Gayya ce ba kiɗa ba waƙa, ban taɓa ganin irinta ba. Da yawa a cikinsu Dattijo ne ya ƙetarar da iyayensu mata ranar da aka kawo su gidan miji. Suka ja, laka ta riƙe, suka sake ja. Da ya saki sai ya yi wani irin nishi, kwanukanki duka suka kaɗa a lokaci ɗaya, don kin hana a sauke su. Aka haura da shi gaɓa aka ajiye a gindin ɓaure. Kafin azahar masu tono sun kai ga ruwa. Mai unguwa ya ciko ƙwaryar farko ya kawo miki da hannu biyu. Kowa ya zaci jirgin za ki nufa da ita. Kika miƙa wa Jummai.

Tun daga ranar ba ki sake zuba masa ko tafi ɗaya ba. Na taɓa ɗaukar moɗa zan watsa masa, kika ce in ajiye, ruwan nan na masu rai ne.

Inna, ke kika zauna a cikinsa yana mutuwa. Ni zuwa nake in koma. Idan rana ta take sai katakan su riƙa ƙara, ƙas, ƙas, kamar ana karya kara. Tsumman da Banufe ya cusa ya riƙa zubowa. Haske ya fara shigowa ta tsakanin katakai, siriri da farko, daga baya har kaza na leƙe. Kika riƙa cusa tsummoki kina tare iska. Jerenki ya yi tsit. Babu sauran dalilin ɗaure kwanuka a gidan da ba ya motsi, amma ba ki kwance zaren ba. Ban tambaye ki ba, na san abin da kike jira.

Da Allah Ya kawo sauƙi, wata damina kogin ya cika ya tumbatsa, ruwa ya biyo tsohuwar hanyarsa. Aka aiko mini na zo. Muka fitar da tabarmi da hatsi, muka tsaya a tudu da yamma, mutanen gari a bayanmu. Ruwan ya hauro gaɓa, ya taɓa cikin jirgin, ya kewaye shi. Na ji wani yana cewa a hankali, "Tashi, Dattijo." Sai muka ga ruwa yana ɓuɓɓugowa ta cikinsa, ta kowace tsaga. Ya rufe kaskon murhu, ya kai wuyan randa. Jirgin bai ko girgiza ba.

Kika tattare zanenki, kika shiga ruwan har gwiwa. Na bi ki, kika ɗaga mini hannu. Kika tsaya a ɗakinki kina kwance zaren nan ɗaya bayan ɗaya, ba ki tsinka ko guda ba. Kika jera kwanukan a ka, kika fito, kika ce da iska, "A gaya wa wancan ya kawo kekensa."

Kin zauna da mu a Gaya, kin yi wasa da jikoki, ba ki taɓa kawo ƙorafi ba. Matata ta jera miki kwanukan a kan kanta. Amma gidan yana bakin hanya. Idan babbar mota ta wuce da kaya ƙasa ta girgiza, sai kwanukan su ɗan taɓa juna. Duk abin da kike yi sai ki ɗago kai ki dubi ƙofa. Na sha ganin haka, Inna, ban taɓa nuna miki na gani ba. Ba ki cika shekara biyu a gidan ba Allah Ya karɓi abinsa.

Bari in ba ki labarin wajen. Bayan an tare kogin da madatsar ruwa a can sama, ruwa bai sake hawa gaɓar nan ba. An ɗaure rijiyar da siminti, ba ta taɓa ƙafewa ba, Rijiyar Jirgi ake ce mata. Jikar Jummai ta girma, a nan take ɗiban ruwa. Jinka da zana sun tafi tuntuni, saura haƙarƙarin jirgin da 'yan katakan gefe. An taɓa samun baƙon da ya nemi ya saye su don yin ƙyaure, tsofaffin gari suka ce ya nemi hanyarsa. A kansu mata ke ɗora tulu su huta.

Jibi zan kai ɗalibaina can. Zan sa kowannensu ya ja guga da hannunsa. Ki ba ni izini kuma in ce da duk wanda wannan takarda ta faɗa hannunsa: idan hanya ta bi da kai arewacin Ajingi, ka tambayi Rijiyar Jirgi. Ka ja ruwa ka sha tukuna, ka shayar da na kusa da kai, don haka mai gidan ta tsara. Abin da ya rage a gindin guga ka zuba a kan katakon nan, ka sunkuya ka shaƙa. Na gwada, Inna. Bayan duk shekarun nan, da ya jiƙa warin kogi yake yi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Baba, Ya gafarta muku. Na tabbata kin gaya masa da bakinki, kuma na san bai yi fushi ba. Allah Ya sa kowane maƙogwaro da ya jiƙa a rijiyar nan ya zama nauyi a mizaninki. Ya shayar da ku daga tafkin Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shan da babu ƙishirwa bayansa. Mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen, Ya haɗa mu a inda ba rabuwa. Amin.

Wassalam. Ni ne ɗanki na fari,
Wancan, wanda ba kya faɗar sunansa.